Yaro Mai Raunin Fahimta: Abin da Ake Koya wa Ma'aikacin Lafiya na Garinku

Mai karatu, idan kana zaune a ƙauyukan Ɗambatta, Bichi, Makoɗa ko Dawakin Tofa, inda gona ke haɗe da gona, gida kusa da gida, da wuya a ce ba ka san wani yaro da sa'o'insa suka tsere masa ba. Ya makara wajen zama da tafiya, maganarsa ba ta fita sosai, allo ya gagare shi. Wasu su ce dolo ne, wasu su ce iska ce. Da damina a kulle shi a ɗaki a tafi gona.

Likitoci na kiran wannan raunin fahimta, kuma ba taɓin hankali ba ne. Ƙwaƙwalwa ce ta samu tawaya tun yaro yana ciki ko yana ƙarami. A duniya ana samun kimanin mutum 1 cikin 100 da wannan lalura. Daga cikin abubuwan da ke kawo ta akwai doguwar naƙuda da jariri bai yi kuka da wuri ba, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, sanƙarau irin wanda ya addabi Arewa a 1996, zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, da ƙarancin sinadarin aidin a jikin mai ciki. Wasu kuma halitta ce, babu laifin kowa.

Ƙwararrun likitoci suna birni, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Dawanau. Amma wanda uwa ke fara gani shi ne ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ko ungozoma. Shi ya sa a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɓullo da shirin mhGAP, ta fitar da littafin jagoransa a 2010, domin horar da ma'aikatan da ba ƙwararru ba. Najeriya na cikin ƙasashen da suka karɓi tsarin.

Me ake koya musu? Na farko, lura da girman yaro: wanda ya kai wata 9 bai zauna ba, ko wata 18 bai yi tafiya ba, a bincike shi. Na biyu, duba ji da gani, domin kurman yaro ma kan makara wajen magana. Na uku, gano farfaɗiya, wadda ke da magani. Na huɗu, yi wa mai lalurar magana kai tsaye, a taƙaice, cikin haƙuri. Wanda ba ya iya cewa haƙorinsa na ciwo, sai ka ga yana fushi ko ya ƙi abinci.

Sannan su koya wa iyaye raba aiki gaɓa-gaɓa. Wanke hannu, sa riga, ba akuya dusa, ɓarar gyaɗa, duk a koya ɗaya bayan ɗaya, a yaba masa in ya yi. Babu allurar da ke warkar da raunin fahimta, amma yaron yana koyo, sannu a hankali.

Naka aikin shi ne ka kai shi asibiti da wuri, tare da katin rigakafinsa. Kada a ɗaure shi, kada a dake shi. A sa ido a kan 'ya mace musamman, domin miyagu sun fi cutar wadda ba ta iya ba da labari. Ka kuma sani cewa dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba shi haƙƙin neman lafiya da ilimi kamar kowa.

Amana ce Allah ya ba ka. Allah ya ba mu ikon riƙewa.