Zafin Bazara Da Gajiyar Masu Ciwon Zaizayewar Rigar Jijiya

Duk wanda ya ci kasuwar Birnin Konni ko ta Ɗan Isa a watan Afrilu ya san yadda zafi ke haura digiri 40. Mu masu lafiya mukan sha ruwa mu ci gaba da ciniki. Amma akwai 'yan'uwanmu da wannan zafi ke kayarwa tun da hantsi, muna ce masu ragwaye.

Likitoci na kiran ciwon maltiful sikilerosis. Garkuwar jiki ce ke juyawa ta riƙa cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, sai saƙo ya riƙa tafiyar hawainiya, kamar wayar lantarkin da robarta ta zaizaye. A ƙidayar 2020, mutum kusan miliyan 2.8 ke ɗauke da shi a duniya, mata sun ninka maza, kuma yakan fara tsakanin shekara 20 da 40. Ya fi yawa a Turai da Amurka. A ƙasashenmu ƙarancin na'urar hoton ƙwaƙwalwa na sa a makara wajen gano shi.

Tun 1890 likitan ido na Jamus, Wilhelm Uhthoff, ya lura ganin majinyata na dishewa bayan sun motsa jiki. Daga baya aka gane ɗumin jiki ne sanadi: ƙarin rabin digiri ma ya isa ya tsananta gajiya ga mafi yawansu.

Saboda haka bazara ta fi wahala. Da damina, zufa ba ta bushewa, ga zazzaɓin cizon sauro da ke ƙara zafin jiki. Hunturu kan kawo sauƙi, ko da yake wasu gaɓoɓinsu na sanƙarewa da sanyi.

Labari mai daɗi shi ne, wannan tsananin ba sabuwar ɓarna ba ce. Da jiki ya huce yakan lafa. To, mu bar masu aikin safe da na yamma, mu ɗauke masu dako da zaman rana. A sha ruwan randa, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a wuya, a sa kaya marasa nauyi, a yi maganin zazzaɓi da wuri.

Idan dishewar gani, mutuwar ƙafa ko jiri suka wuce awa 24, a garzaya asibiti. Kada a tsaya cewa sammu ne.