Naɗin Tesla Mai Aiki da Tiransisto: Matsalar Daidaita Lokaci

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana yadda masu sha'awar kimiyya da ke gwaje-gwaje a gidajensu suka sake fasalin na'urar nan da Nikola Tesla ya ƙirƙiro a Amurka cikin 1891, da kuma abin da ya fi ba su wuya a aikin.

2.0 Ƙirar Na'urar

Naɗin Tesla taransifoma ce marar ƙarfe a ciki. Tana da naɗi biyu na wayar jan ƙarfe: na farko kauri gare shi, zagayensa kaɗan, na biyu kuwa siriri ne, zagayensa yakan kai 1,000. Wannan na biyun yana da adadin kaɗawar da halittarsa ta ba shi, wanda a ƙananan na'urori yakan kama daga sau 100,000 zuwa miliyan 1 a daƙiƙa guda. Misalinsa kamar yaro ne a kan lilo. In aka tura shi daidai lokacin da ya juya sai ya yi ta ƙara nisa, in kuwa aka saɓa sai a tsayar da shi.

A ƙirar Tesla tartsatsi ne mai tsallake 'yar tazara yake buɗe wuta ya rufe. Yana da ƙara, ga zafi, ga ɓarnar wuta. Tiransisto, wadda aka ƙirƙiro cikin 1947, ita ta maye gurbinsa, musamman irin da ake kira MOSFET da IGBT.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙar

Hanya mafi sauƙi ita ce a sa agogon lantarki, kamar ɗan guntun nan mai lamba 555, ya riƙa kunna tiransisto bisa tsayayyen adadi. Illarsa ita ce da zarar tartsatsi ya fito, ko an kawo hannu kusa, sai kaɗawar naɗin ta sauya, agogo kuwa bai sani ba. Daga nan sai tartsatsi ya gajarce, tiransisto ta yi zafi, wani lokaci ta ƙone.

Maganin da aka samo shi ne a bar naɗin ya ba da lokaci da kansa. Akan ɗauko alamar kaɗawarsa da 'yar eriya, ko daga gindin naɗi na biyu, a mayar wa tiransisto. Mafi ƙanƙantar misali ba ya bukatar fiye da tiransisto ɗaya, rizisto ɗaya, da batir mai bolt 9, amma yana haska doguwar fitilar lantarki ba tare da waya ta taɓa ta ba.

A manyan na'urori akan jera tiransisto biyu ko huɗu su yi karɓa-karɓa. Wajibi ne a bar ɗan tsaiko tsakanin kashe wannan da kunna waccan, domin in suka haɗu a kunne wuta za ta bi ta cikinsu kai tsaye su fashe. Har ila yau, in aka riƙa yanke tartsatsin sau 440 a daƙiƙa, sai kunne ya ji sautin kiɗa tsantsa.

4.0 Kammalawa

Muna ganin ƙaramar ƙirar mai batir ta isa malami ya nuna wa ɗalibai ma'anar daidaituwar kaɗawa da idonsu. Babba kuwa ba abin wasa ba ce. Kafasita kan riƙe wuta mai kisa bayan an zare soket, tartsatsin kan ƙona fata, kuma mai na'urar daidaita bugun zuciya kada ya kusance ta.