Abin da Waya Ke Iya Yi Idan Sabis Ya Ɗauke a Bakin Tafkin Kainji

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ya sauko kuma ruwa ya cika ya kwanta, samarin Yelwa da Wara da Shanga kan haɗa kuɗin mai da na kifi su fita yawon buɗe ido. Wasu su hau babura su bi hanyar ƙasa har inda ta ƙare, sannan su taka da ƙafa zuwa kan wani tudu. Wasu su ɗauki hayar kwalekwale zuwa wani gungu su kwana a can, a gasa kifi, a ɗauki bidiyon faɗuwar rana don TikTok. Kowa na riƙe da waya, kuma kusan kowa ya ɗauka ita ce za ta nuna masa hanyar gida. Amma da zarar an yi nisa da babban titin da ya taso daga Kontagora ya ratsa Yauri ya nufi Koko, sai sandunan sabis su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, har a kai inda waya za ta ce kiran gaggawa kawai take iya yi.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure iri biyu. Wani ya ce tunda babu sabis waya ta zama tocila, ya jefa ta a jaka. Wani kuma ya ci gaba da dogara da ita kamar yana tsakiyar Birnin Kebbi. Dukansu ba su fahimci abin da ke hannunsu ba.

GPS ba ya buƙatar data

Wannan shi ne abin da ya fi ɓace wa mutane. Na'urar GPS da ke cikin waya ba ta aika komai zuwa ko'ina, sauraro kawai take yi. Taurarin ɗan Adam na GPS suna kewaya duniya a nisan kilomita kusan 20,200, kowanne yana ta watso saƙon inda yake da kuma lokacin da ya aiko saƙon. Idan waya ta ji aƙalla guda huɗu, sai ta auna jinkirin da kowane saƙo ya yi kafin ya iso, ta lissafa inda take. Babu ruwan wannan lissafi da layin MTN ko Airtel. Ko an cire sim gaba ɗaya, yana aiki. Yawancin wayoyin yanzu ma ba na Amurka kaɗai suke ji ba, suna haɗawa da GLONASS na Rasha, da Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na Sin.

Abin da data ke yi shi ne hanzarta aikin. Idan akwai intanet, waya na sauke jadawalin inda taurarin suke cikin daƙiƙu kaɗan. Idan babu, sai ta jira ta karɓo shi daga taurarin da kansu, kuma hakan na iya ɗaukar mintuna. Shi ya sa ake so mutum ya fita fili, ya bar ƙarƙashin bishiya ko gindin dutse, ya ba ta lokaci. Kada ya ga shuɗin ɗigon bai bayyana nan take ba ya ce ta lalace.

Sai dai ɗigo ba tare da taswira ba ɗigo ne kawai a kan farin allo. Taswirar ce ke buƙatar data, don haka tun daga gida ake sauke ta. Google Maps na ba da damar zaɓar yanki a adana shi a waya, amma idan babu intanet hanyar mota kawai yake iya zanawa, ba ya fitar da hanyar ƙafa. Ga mai shiga daji, manhajojin Organic Maps da OsmAnd sun fi dacewa. Dukansu an gina su a kan OpenStreetMap, taswirar da aka faro a 2004 wadda masu sa kai ke zanawa, kuma suna aiki cikakke ba tare da sabis ba. Suna iya zana sawun duk inda mutum ya bi tun daga inda ya ajiye babur, ta yadda idan hanya ta rikice sai ya juyo ya bi layin da ya zana da ƙafarsa. A lura, wayoyin Android da yawa kan kashe manhajar da ke aiki a bayan fage don tattalin batir, sai a duba a tarar sawun ya yanke a tsakiya. Dole a shiga saitin batir a cire wa manhajar wannan takunkumi kafin a tashi.

Akwai wani abu kuma da masu ƙananan wayoyi ya kamata su sani: ba kowace waya ke da kamfas a cikinta ba. Wadda ba ta da shi za ta nuna inda mutum yake, amma ba za ta san inda ya fuskanta ba sai ya yi ɗan tafiya.

Taswira da ruwan da ba ya tsayawa wuri ɗaya

Ko da an sauke taswira mafi kyau, Kainji na da wata ɗabi'a da ke ƙaryata ta. Tafkin ba tsoho ba ne. Ya samu ne bayan kammala madatsar ruwan Kainji a 1968, ya miƙe sama da kilomita 130 daga madatsar zuwa wajajen Yauri, ya sa aka tashi mutum fiye da 40,000 daga garuruwansu da gungayensu. Tsohuwar Bussa, inda Bature ɗan yawon bincike Mungo Park ya mutu a 1806 jim kaɗan bayan ya wuce Yauri, tana ƙarƙashin ruwan nan yanzu. Tare da ita akwai gonaki da duwatsu da kututturan itatuwa waɗanda babu taswirar waya da ke nuna su, kuma su ne ke fasa cikin jirgi.

Sannan ruwan na zuwa sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, wanda damina ke kawowa daga kusa, ya cika wajen Satumba. Akwai baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa Mali da Nijar kafin ya iso nan cikin hunturu. Daga nan kuma tafkin ya riƙa ja har zuwa farkon damina, ya bar faɗin ƙasa mai laima inda ake noman albasa da sauran kayan rani. A wurin da gaɓa ke da shimfiɗa, bambancin bakin ruwa tsakanin Janairu da Yuni tafiya ce mai nisa.

To hoton tauraron ɗan Adam da ke cikin manhaja a rana ɗaya aka ɗauke shi, wataƙila shekarun baya, kuma manhajar waya ba ta cika faɗin ranar ba. Wurin da allo ya nuna busasshiyar hanya ce tsakanin gaɓa da gungu yana iya kasancewa ruwa ne da ya fi tsayin mutum. Inda ya nuna ruwa kuma a tarar da gonar wani. Tungayen masunta da dama ba su ma cikin taswirar, ko kuma an rubuta sunansu yadda ɗan garin ba zai gane ba. A wannan fanni Bagunge mai kwalekwale ya fi Google sani nesa ba kusa ba. Shi ne ya san inda dorina ke kiwo da dare. Ba tatsuniya ba ce: a watan Oktoba 2024 sai da manoma da masunta suka kashe wata dorina a Yauri bayan ta halaka mutum.

Lissafin batir

Waya na cin batir fiye da kima a inda sabis ke da rauni, saboda tana ƙara ƙarfin watsa saƙonta tana neman turken da zai amsa mata. Maganin shi ne a sa ta a yanayin jirgin sama, a bar GPS a kunne, a riƙa buɗe layi lokaci-lokaci idan an hau tudu.

Batun fawa bank kuwa sai an yi ɗan lissafi. Wanda aka rubuta wa 20,000mAh ba zai cika wayar 5,000mAh sau huɗu ba, duk da haka lissafin kai ke nunawa. Wajen sauya ƙarfin wuta daga batirinsa zuwa na waya, kusan kashi ɗaya cikin uku na salwanta ya zama zafi. Abin da za a samu bai cika wuce caji biyu da rabi zuwa uku ba. Na gaske mai wannan girma yana da nauyi, tsakanin giram 350 zuwa rabin kilo. Duk wanda aka miƙo wa mai rubutun 50,000 a kasuwa ya ji shi sakayau a hannu, ya mayar wa mai shi.

Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne mai ɗan farantin sola a bayansa. Farantin nan bai cika ba da fiye da wat ɗaya ba, alhali batirin 20,000mAh na ɗaukar kimanin wat-awa 74. Ko da rana mai kyau, sai ya kwashe sama da kwana goma kafin ya cika. Ga shi kuma sai an shanya batirin kansa a rana, abin da batirin litiyam ya fi tsana. Kamfanin Apple ya ce wayoyinsa an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, zafin Yauri kuwa a Maris da Afrilu yakan haura 40 ko a inuwa. Farantin sola mai naɗewa na wat 20, wanda za a shimfiɗa a rana a ja waya zuwa inuwa, shi ne abin saye.

Ruwa ma haka. Alamar IP67 na nufin waya za ta jure zurfin mita ɗaya na minti 30, kuma yawancin wayoyin da ke hannun matasa ba su da ita. Jakar roba mai zif da igiyar ratayawa a wuya ta wadatar.

Saƙon da zai iya ceton rai

Idan wani ya karye ko injin jirgi ya mutu, abin da ake buƙata shi ne a faɗa wa na gida ainihin wurin. Aika wuri kai tsaye ta WhatsApp sai da data. Saƙon tes na gargajiya kuwa yakan fita ko da sanda ɗaya ce ta leƙo na ɗan lokaci. Don haka a danna shuɗin ɗigon a manhajar taswira, a kwafi lambobi biyun da za su fito, a tura su ta tes. Yelwa, alal misali, tana wajen 10.83, 4.74. Ta farko nisan arewa ce, ta biyu nisan gabas. Wanda ya juya su ya rubuta 4.74 a farko ya tura masu nemansa ƙasar Kamaru. Yawan lambobin bayan ɗigo ma na da muhimmanci: guda biyu suna nuna wuri ne da kuskuren kusan kilomita ɗaya, guda huɗu kuwa kusan mita 11. A kwafe su duka.

Wani ƙaramin abu da masu rubuta Hausa daidai ba su cika lura da shi ba: tes ɗaya na ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa harafi mai ƙugiya irin ƙ ko ɗ ko ɓ, iyakar na faɗowa zuwa 70, sai saƙon ya rabu gida biyu ko uku. A inda sabis ke leƙowa yana gudu, ana iya samun rabi ya tafi rabi ya maƙale. Ranar gaggawa a yafe ƙugiyar. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma ita ma sai akwai turken wani kamfani da wayar ke iya kaiwa.

Inda bai kamata a je ba

Masu kallon bidiyon hawan Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya mai mita 2,419 a gandun dajin Gashaka-Gumti, kan ce ai mu ma muna da namu gandun a kusa. Gaskiya ne. Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji, wanda aka haɗa daga dazukan Borgu da Zugurma a ƙarshen shekarun 1970, ya haura murabba'in kilomita 5,300 a jihohin Neja da Kwara. Sai dai ko a lokacin zaman lafiya ba a shigarsa sai da izini da rakiyar ma'aikatan gandun, yanzu kuwa lamarin ya wuce nan. A watan Yuni 2024 cibiyar bincike ta Clingendael da ke Holan ta fitar da rahoton cewa 'yan bindiga masu alaƙa da ƙungiyoyin Sahel sun tsallako daga Jamhuriyar Benin sun samu mafaka a cikinsa. Mutanen wannan yanki kuma ba su manta da 17 ga Yuni 2021 ba, ranar da aka kwashe ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. Babu manhajar da ke nuna inda ɓarayin daji suka yada zango jiya. Mai gari da 'yan banga da masu babur na haya su ke da wannan labari, kuma idan suka ce kada a bi wata hanya, magana ta ƙare.

Haka nan waya kan iya tona asirin mai ita. Sanya hoton zango a Facebook ko a kan WhatsApp alhali ana can, tamkar shela ce ga wanda bai kamata ya sani ba. Idan an bar alamar wuri a kunne a kyamara, kowane hoto na ɗauke da lambobin inda aka ɗauke shi, kuma suna bin sa idan an tura shi a matsayin fayil. Hoto ba ya ruɓewa, a bari sai an dawo gida.

Dawowar ma a yi ta da rana tsaka. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar ruwa. Jirgin da ya nutse kusa da Wara ranar 26 ga Mayu 2021 yana ɗauke da mutum fiye da 150, kaɗan ne aka tsamo da rai.

Kafin ranar tafiya, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Mutum ya sauke taswirar Yauri da Ngaski da Shanga, ya sa waya a yanayin jirgin sama, ya kunna zanen sawu, ya taka daga gida zuwa kasuwa ya dawo. Idan layin ya fito ba yankewa, ya kwafi lambobin ƙofar gidansu ya tura wa ƙaninsa ta tes, ya ga ko zai iya buɗe su a tasa wayar ya gane wurin. Wannan ƙanin ne za a bar wa sunan gungun da za a kwana, da lambar mai kwalekwale, da lokacin da idan ya wuce ba a ji ɗuriyarsu ba zai je ya sanar da manya.