Rawar Kan da Ba Ta Tafi da Yarinta Ba

A Gude, kamar sauran garuruwan ƙasar Kabo da Gwarzo, akwai irin magidancin da kowa ya san halinsa. Ba rago ba ne, domin idan gayya ta tashi shi ne a gaba. Amma ya koyi ɗinki ya bari, ya shiga acaba ya sayar da babur, ya kafa teburin shayi bai shekara ba. Ya sa albasa a noman rani, ranar ban ruwa ta wuce shi har shuka ta ƙone. A aike shi Gwarzo sayen taki, ya dawo da labari, kuɗin sun tafi a abin da bai fita don shi ba. Ana magana sai ya katse, ba don raini ba, bakin ne ya riga tunanin. A gida a ce shiririta, a majalisa a ce rawar kai, wata gwaggo kuma ta rantse kurciya aka yi masa.

Wasu daga cikin irin waɗannan mutane, ba duka ba, suna fama ne da larurar da likitoci ke kira ADHD, wadda ke hana mutum tsayar da hankali wuri ɗaya, ta hana shi natsuwa, ta sa shi aikata abu kafin ya auna. Ba sabon abu ba ne. Tun 1798 wani likita ɗan Sikotilan, Alexander Crichton, ya yi rubutu a kan masu irin wannan hali, a 1902 kuma George Still ya yi bayaninsa a yara a Landan. An daɗe ana ɗauka cewa da yaro ya girma shi ke nan. Yanzu an san ba haka ba ne: tana samun kusan yara 5 cikin 100, kuma manya 2 zuwa 3 cikin 100 suna nan da ita. Guje-gujen yarinta ne kawai ke komawa ciki, ya zama ƙosawa da rashin tsari. A mata ta fi ɓuya, don ba su cika yin hayaniya ba. Sai dai tuwo ya ƙone, zubin adashi ya shige, dangin miji su yanke hukuncin cewa sakarci ne.

Yawanci gado ce. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado na ɗaukar kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na abin. Matsalar tana tattare da sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke tsara aiki yana taka wa mutum birki, da sinadaran dofamin da noradiranalin da ke kai saƙo a wurin. Rashin duka ba ya kawo ta, yawan duka kuma ba ya cire ta.

To ta yaya ake gane ta ga wanda ya riga ya yi gemu? Babu gwajin jini, babu hoton kai da zai nuna ta. Duk wanda ya karɓi kuɗinka ya ce na'ura za ta gano ta, ka riƙe aljihunka. Aikin na zama ne da tambaya. Bisa ƙa'idar da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka fitar a 2013, wadda ake bi a ƙasashe da dama, babba yana buƙatar aƙalla alamomi 5 cikin 9 na rashin tsayar da hankali, ko 5 cikin 9 na rashin natsuwa da garaje, su ɗore wata 6 ko fiye, su bayyana a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da wajen sana'a, kuma su zama suna yi masa ɓarna ta gaske. Akwai tambayoyi 6 na tantancewar farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hannu wajen tsarawa, ana samun su a waya, amma share fage ne kawai.

Sharaɗin da ya fi nauyi shi ne alamomin su fara kafin shekara 12. A Ingila likita kan ce a kawo masa takardun sakamakon firamare ya duba abin da malamai suka rubuta. Mutumin Gude da wuya ya kawo wannan, amma yana da abin da ya fi shi: mutanen da suka san shi tun yana tsirara, kuma har yau suna unguwa ɗaya. Likita zai iya juyawa ga mahaifiya ya ce, "Inna, sa'ad da yake ƙarami, in kin aike shi yana kai aiken?" Ita kuwa ba sai ta yi dogon tunani ba. Za ta tuna kwanon da ya bari a bakin rijiya, da faɗowa daga mangwaro, da yadda malamin allo ya gaji da wanke masa allo ɗaya alhali ya fi sa'o'insa saurin hadda in ya so. Yayansa ma shaida ne, matarsa kuma ita ta san halin yau. A ganina, wanda ya je asibiti shi kaɗai don neman wannan bincike ya bar rabin hujjarsa a gida.

Shaidar nan ce ke raba ADHD da abubuwan da ke kama da ita. Mutumin da ya tashi da natsuwa, sai bayan rasuwar ɗansa ko karayar jari ya fara mantuwa, ciwon damuwa ya fi kusa da shi. Rashin barci, ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo, farfaɗiya, shan wiwi ko tiramol, duk suna iya wargaza hankali. Sau da yawa ma larurar tana tafe tare da ɗaya daga cikinsu, shi ya sa zama ɗaya ba ya isa.

Sai maganar ina za a je. Matakin farko shi ne asibitin kusa, kamar Babban Asibitin Gwarzo, a yanki kati, a duba jini da hawan jini, a nemi takardar turawa. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa sai Kano: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin Dawanau da ke hanyar Katsina. Nan ne ƙafa ke yin nauyi, don an mai da sunan Dawanau abin tsokana, kuma babu magidancin da ke son a ce an gan shi a can. Ga likitocin su kansu ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, layinsu cike da masu ciwon da ya fi gaggawa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma yi nufin kusantar da kulawa ga jama'a, sai dai doka ba ta haifar likita.

Magani akwai shi, kuma yana aiki. A 1937 Charles Bradley a Amurka ya lura cewa ƙwayar da ke zaburar da ƙwaƙwalwa tana natsar da irin waɗannan yara, abin da ya zo kamar a juye, amma birkin ne ƙwayar ke ƙarfafawa. Daga wannan layi ne methylphenidate, wanda aka fi sani da Ritalin, ya fito. Akwai kuma atomoxetine, wanda ba ya cikin masu zaburarwa, yana ɗaukar makonni kafin a ga tasirinsa. Wani babban bincike a Suwidin da aka wallafa a 2014 ya nuna maza masu larurar sun fi ƙarancin mummunan haɗarin hanya a watannin da suke shan magani, abin da ya kamata duk mai ɗaukar fasinja a babur ya ji. Ana farawa da kaɗan, ana auna hawan jini da bugun zuciya, maganin kuma yana iya rage cin abinci ya hana barci.

Samunsa ne wahala. Methylphenidate yana cikin magungunan da hukuma ke tsaurarawa, yana da tsada, ba kuma kowane kantin magani ke ajiye shi ba. Jihar Kano, wadda ta ga abin da kodin ya yi wa matasanta kafin a haramta shi a 2018, tana da dalilin yin hattara. Abin tsoron shi ne mai wannan larura ya nufi kyamis ya haɗa wa kansa abin da zai "ɗora shi a kan aiki", domin masu ita sun fi saurin faɗawa shaye-shaye.

Ko babu ƙwaya, tsari yana rage asara. A sa ƙararrawar waya don ban ruwa da ranar biyan bashi, a jingina ayyuka da lokutan salla tunda su ba sa gocewa, a riƙa ba mai larurar saƙo ɗaya maimakon huɗu a jere, kuɗin jari kuma su zauna a hannun wanda aka amince da shi. Ranar komawa asibiti ma kada a bar ta a kansa. Ɗan rakiyar da ya je da shi ranar farko shi ya kamata ya riƙe katin.