Hannun da ke tura itace, shi ke janyewa

Duk macen da ta ƙware a girkin murhu ta san ba a sakar wa wuta fuska. In tukunya ta yi tafasar da za ta zube, sai ta janye itace ɗaya. In ta lafa, ta mayar da shi. Wannan shi ne aikin ɗan akwatin nan mai suna STC-1000. Masu haɗa giya a gida a Amurka da Ingila suna jona shi da firji don riƙe tsimi a kusa da digiri 19. A wurinmu, mai yin yogot na sayarwa ya fi kowa bukatarsa, domin ƙwayoyin da ke sa madara ta kama sun fi son digiri 42 zuwa 45 na tsawon wasu awoyi, abin da daren hunturu ba ya bayarwa.

A bayansa akwai ramukan waya takwas, kowanne da ɗan sukurunsa. Na 1 da 2 na wutar da ke kunna shi ne, 3 da 4 na siririyar wayar da ke jin zafi, 5 da 6 na ɗumamawa, 7 da 8 na sanyayawa.

A 5 da 6 ne masu koyo suke tuntuɓe. Sai mutum ya cusa wayoyi biyu na ƙwan fitila da zai ɗumama madara a nan, ya ji na'ura ta yi "ƙas", amma ƙwai shiru. Dalili kuwa, ramukan nan makunni ne kawai, ba sa ba da wuta. Mai girki ba ta ƙirƙirar itace, wanda aka ajiye mata take turawa. Don haka a ɗauko waya mai wuta, ja ko ruwan ƙasa, a kai ta 1, a tsallaka da guntuwa zuwa 5, sannan daga 6 a wuce ƙwan. Ɗaya wayar, baƙa ko shuɗiya, bayan ta shiga 2, ta tafi ƙwan kai tsaye. Ƙwan ya zama irin na da mai zare a ciki, domin na zamani ba ya zafin kirki. Kada a ɗora wa na'urar abin da ya wuce amfiya 10.

Wajen saiti, a sa F1, wato zafin da ake so, a 43, F2 kuma, wato tazara, a 1. Ƙwai zai kama in zafi ya sauko 42, ya mutu in ya kai 43. Wannan tazarar ita ce haƙurin mai girki, wadda ba ta taɓa itace a kowane numfashi. Tana kuma duba cikin tukunya ne, ba harshen wuta ba: kan wayar jin zafi a manna shi a jikin bokitin madara, a rufe da ɗan soso, nesa da ƙwan.

Abin da nake roƙo shi ne kada a bar sukurorin nan a fili. A sa na'urar cikin akwatin roba, a zare fulogi kafin a taɓa kowace waya, a kuma kira mai gyaran wuta ya duba kafin kunnawar farko. Wutar gida ta bolt 230 tana kisa, kuma a gidan da ake yogot ba a rasa ruwa da yara.