Ɗigon mai a ƙarƙashin kat-kat: a bincika kafin a biya

Daga Ɗan Isa zuwa Birnin Ƙwanni, kat-kat ce jakin ɗan kasuwa. Amma da yawanmu ba mu kula da ɗigon mai sai ta mace mana a daji da kaya.

Dabarar makanikai mai sauƙi ce: a wanke ƙarƙashin mota, a shimfiɗa kwali ta kwana a kai. Da safe, baƙin mai na inji ne; ja na giya mai canza kanta; mai kauri mai warin ƙibiritu kuwa na fon ne, wato tulun da ke tsakanin tayoyi, ko na akwatin da ke raba ƙarfi ga ƙafafu huɗu. Sau da yawa ƙura ce ke toshe kafar numfashin fon, zafi ya turo mai ta bakin roba.

Turbo kuwa, alamarsa shuɗin hayaƙi. Kafin mu sayi sabo, a duba matatar iska da bututun da ke mayar da mai cikin inji, domin toshewarsu kan jawo yoyo. Bayan doguwar tafiya, mu bar inji minti 2 kafin mu kashe.

Kuɗin roba kaɗan ne. Fon da ya ƙone kuwa, jari yake ci.