Babur Da Ƙura

A ƙauyukanmu da yawa mota ba ta shiga sai da rani. Waɗansu ma ko da rani ba ta iya zuwa, saboda yashi da kwazazzabai. Babur ne ya ke bin waɗannan hanyoyi. Shi ke kai buhun masara kasuwa, shi ke ɗauko taki, kuma in haihuwa ta zo wa mace da gardama cikin dare, shi ne za ya kai ta asibiti. Mutum ya kan sayar da sa, ko amfanin gonarsa na shekara, kafin ya sayi guda. Amma sau da yawa mu kan ga sabon babur, bai cika shekara ba, ya fara hayaƙi, ya kasa hawan tudu. Mai shi ya ce an cuce shi wurin saye. Galibi kuwa ba wanda ya cuce shi, ƙura ce ta cinye injin.

Ga yadda abin ya ke. Inji ba fetur kaɗai ya ke sha ba, yana shaƙar iska kamar yadda mu ke yi. Kafin lita guda ta fetur ta ƙone, sai ta haɗu da iska wajen lita 9,000, watau cikin duro 45. To, mu tuna da hanyar kasuwa cikin hunturu, sa'ad da babura goma suka wuce a jere. Duk iskar nan da ƙurarta ta ke tafe. Ƙura kuwa yashi ne mai laushi. Idan ta shiga inji ta gauraye da mai, sai ta riƙa cin ƙarfe kamar yadda dutsen washi ya ke cin wuƙa. Fistin da zobbansa su yi sako-sako, mai ya riƙa tsallakewa yana ƙonewa tare da fetur. Shi ne shuɗin hayaƙin nan da mu ke gani yana fita ta salansa.

Domin haka masu ƙera babur suka sa matata a kan hanyar iska. Tana cikin wani ɗan akwati a gefe, ƙarƙashin wurin zama. Wata ta soso ce, wata ta takarda. In ta soso ce, sai mu cire ta mu wanke da kananzir. Mu matse ta cikin tafin hannu, kada mu murɗa, don za ta yage. Bayan ta bushe mu ɗiga mata sabon baƙin mai kaɗan, mu sake matsewa har ya bi ko'ina. Wannan mai shi ke kama ƙura. In ta takarda ce, ba a wanke ta, ba a sa mata mai. A kakkaɓe ta a hankali, in ta yi baƙi a sayi sabuwa. Da rani, mai bin hanyar ƙasa kullum ya kamata ya duba ta kowane mako.

Akwai wani mugun hali da mu ke gani. Matata ta toshe, babur ya rage gudu, sai mai shi ya cire ta ya yar. Nan take babur ya yi ƙarfi, shi kuwa ya yi murna. Murnar ba ta daɗewa. Kuɗin matata kaɗan ne, amma buɗe inji a sa sabon fistin aiki ne na makaniki, kuma babur za ya kwana a gari.

Sa'an nan sai baƙin mai. Kowace safiya, kafin mu ta da inji, mu tsai da babur daidai a wuri mai shimfiɗa, mu zaro ma'aunin mai, mu goge, mu mayar, mu sake dubawa. Mai ya tsaya tsakanin zanen nan biyu. In za mu juye, mu bari inji ya ɗan yi ɗumi tukuna, don tsohon mai ya fito da daudarsa. Kada mu zubar da shi kusa da rijiya ko inda dabbobi su ke kiwo. Nisan tafiyar da za a yi kafin a juye mai yana rubuce cikin littafin da ya zo tare da babur. Da ba mu iya karanta shi ba, yanzu kuwa muna koyo. Kowa ya ware shafi guda a bayan littafinsa na aji, ya riƙa rubuta ranar da ya juye mai da lambar da agogon babur ya nuna.

Sarƙa ma tana shan ƙura. Mu wanke ta da kananzir, mu shafa mata mai. Idan muka ɗaga tsakiyarta da yatsa, ta motsa kamar faɗin yatsa biyu, kada ta fi haka.

Da damina kuma ruwa ne abin tsoro. In rafi ya kawo har ya kai akwatin matata, kada mu shiga, mu jira ya janye. In inji ya mutu cikin ruwa, lalle kada mu yi ƙoƙarin ta da shi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, yana iya lanƙwasa ƙarfen da ke tura fistin. Mu turo babur waje, mu kwance fulogi, mu yi ta taka abin tayarwa har ruwan ya gama fita ta ramin fulogin. Mu shanya matata. Daga nan mu duba mai. In ya koma fari-fari kamar an zuba masa nono, ruwa ya shiga, tilas a juye shi a zuba sabo kafin a hau.